Shanyewar Ɓarin Jiki: Abin da Ake Dubawa Kafin a Isa Asibiti, da Dalilin da Likita ke Tambayar Lokaci

Duk shekara idan 29 ga Oktoba ta zagayo, ranar da aka ware a duniya don faɗakarwa kan shanyewar ɓarin jiki, likitoci sukan shiga rediyo da talabijin su yi bayani, kuma kiransu ɗaya ne: a gaggauta kai marar lafiya asibiti. Sai dai mai sauraro a Kano yakan tashi da lissafi uku a kansa game da wa'adin da magani ke iya aiki. Wannan likita ya ce awa uku, wancan ya ce huɗu da rabi, wani kuma ya ce ai yanzu har bayan awa 24 ana iya yin wani abu. Ga kuma saƙon nan da ya shekara yana yawo a WhatsApp, mai cewa a tsittsire yatsun marar lafiya da allura jini ya fita. Ga maƙwabci mai cewa a jefa masa asfirin. Ga mai kemis ɗin unguwa da ya auna jini ya ga ya haura 200, ya ce sai an sauke shi nan take.

A Ingila ko Amurka, wanda ke fara duba irin wannan marar lafiya ma'aikacin motar asibiti ne da aka horar, da na'urorinsa a jaka. Yawancin ƙa'idojin da ake karantowa don shi aka rubuta su. A birnin Kano kuwa, mafi yawan lokaci mai wannan duba na farko uwargida ce, ko babban ɗa, ko abokin zama a rumfar kasuwa, sannan direban Adaidaita Sahu ya ƙarasa aikin. Saboda haka tambayar da ta shafe mu ita ce, daga cikin abin da ma'aikacin nan yake yi, me mutumin gida zai iya yi da idonsa da bakinsa, kuma me ya kamata ya bari sai an je asibiti.

Cuta biyu masu fuska ɗaya

Sunayen da muke kiran cutar da su, shanyewar ɓarin jiki ko mutuwar ɓarin jiki, sun faɗi abin da ido ya gani ne, shi ya sa hankalin mutane ke tafiya kan hannu da ƙafa, a kama matsa su ana shafa musu mai. Ainihin ɓarnar a ƙwaƙwalwa take. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa daman jiki, na dama kuma ya sarrafa hagu. A wurin yawancin mutane cibiyar magana tana hagu, don haka wanda damansa ya shanye shi ne aka fi gani maganarsa ta ɗauke.

Ta hanya biyu abin ke faruwa. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala a ciki. Wani babban bincike da ake kira SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a cibiyoyi 15 na Najeriya da Ghana, ciki har da Kano, ya fitar da sakamako a 2018 kan marasa lafiya 2,118. Kashi 68 cikin ɗari toshewa ce ta same su, kashi 32 kuma fashewa. Wannan kaso na fashewa ya ɗara abin da ake gani a Turai nesa ba kusa ba, kuma binciken ya nuna hawan jini ne kan gaba wajen jawo cutar, da tazara mai yawa.

Abin lura a nan shi ne, cikin duk mutum uku da suka faɗi a yankinmu, kusan ɗaya jini ne ke zuba a kansa. Matsanancin ciwon kai, amai da saurin fita hayyaci sun fi zuwa da fashewa, amma ba su isa a yanke hukunci da su ba, ko da ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ne ke tsaye a wurin. Hoton ƙwaƙwalwa, irin na siti-sikan, shi ne kawai ke raba gardama. Maganin ɗaya kuma guba ne ga ɗayan: abin da ke narkar da gudan jini shi ne ke ƙara wa fasasshiyar jijiya zuba. Duk wata ƙa'ida ta kafin asibiti a kan wannan aka gina ta.

Awa uku, huɗu da rabi, ko 24

Wanda ya san noman rani a Kadawa zai gane yadda abin yake. Idan hanyar ruwa ta toshe, kwamin da ya dogara da ita kaɗai shi ke fara bushewa, na gefensa kuma su yi yaushi suna ɗan samun laima daga maƙwabta. In an buɗe ruwa da wuri su farfaɗo, in an makara su bi sahu. A ƙwaƙwalwa ma akwai tsakiyar da ke mutuwa cikin mintuna, da kewayen da ke jiran a kawo ɗauki. Wani likita a Amurka, Jeffrey Saver, ya yi lissafi a 2006 cewa idan babbar jijiya ce ta toshe, ana asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a kowane minti.

Alƙaluman nan uku duk gaskiya ne, sai dai ba abu ɗaya suke nufi ba. A 1995 wani gwaji a Amurka ya tabbatar da amfanin allurar narkar da gudan jini, mai suna altefiles, idan an yi ta cikin awa uku. A 2008 wani gwajin a Turai ya nuna ana iya kaiwa awa huɗu da rabi. A 2015 aka tabbatar da wata hanyar daban, wadda ake zura siririn bututu ta jijiyar matsematsi har cikin kai a zaro gudan jinin, galibi cikin awa shida. A 2018 aka gano cewa wasu zaɓaɓɓun marasa lafiya, waɗanda hoto na musamman ya nuna da sauran nama mai rai a ƙwaƙwalwarsu, suna amfana da wannan aiki har zuwa awa 24. Ke nan awa 24 ba rangwame ba ne ga kowa da kowa. Ta mutane ƙalilan ce, a cibiyoyi ƙalilan masu kayan aikin. Ko a cikin awa huɗu da rabin ma, wanda aka yi wa allura a awa ta farko ya fi wanda aka yi wa a ta huɗu samun sauƙi. Kuma a cikin wannan wa'adi ne za a nemo mota, a ratsa cunkoso, a yanki kati, a ɗauki hoto, a samu mai karanta shi.

Daga yaushe ake fara ƙirga? Nan ne iyalai suka fi yin kuskure. Likita ba lokacin da aka tsinci mutum yake nema ba, lokacin ƙarshe da aka gan shi garau yake nema. Wanda ya kwanta lafiya ƙarfe goma na dare aka tashe shi da Asuba baki a karkace, lissafinsa daga goman dare yake farawa. Ba kowa ke duba agogo cikin ruɗani ba, amma rayuwar Bakano tana da nata agogon. An gan shi a sahu da La'asar? Ya ci tuwon dare da hannunsa? Shi ya kunna rediyo lokacin labaran ƙarfe takwas da rabi? Wayarsa ma shaida ce, don tana nuna mintin da ya yi kira na ƙarshe, kuma wanda suka yi maganar zai faɗi ko muryarsa daidai take. Yana da kyau wanda ya gan shi na ƙarshe ya bi motar, ko a tafi da lambarsa. Sau da yawa mazan gida ne ke kai marar lafiya, alhali matar da ta san lokacin da abin ya fara an bar ta a gida.

Fuska, hannu, magana

A 1997 likitoci a Jami'ar Sinsinati ta Amurka suka tace dogon gwajin da ake yi a asibiti suka fitar da abu uku da za a iya dubawa cikin minti ɗaya. A 1998 aka tsara makamancinsa a Ingila don ma'aikatan motar asibiti, shi ne ake kira FAST, wato haruffan farko na kalmomin Turanci huɗu masu nufin fuska, hannu, magana da lokaci. Ba ya buƙatar na'ura ko ilimin boko.

A ɗauki misalin magidanci ɗan shekara sittin da 'yan kai a Gwammaja. Ya tsuguna alwalar Asuba, buta ta suɓuce daga hannunsa na dama. Ya sake ɗauka, ta sake suɓucewa. Uwargida ta leƙo ta ce, "Malam, lafiya kuwa?" Ya amsa, amma maganar ta fito kamar ta mai goro cike da baki. Ta ƙwala wa babban ɗansu kira.

Abin da ɗan zai yi shi ne ya durƙusa gaban mahaifinsa inda haske yake, ya ce, "Baba, ku ɗan buɗe haƙora in gani." Idan gefe ɗaya na baki ya ɗaga ɗayan ya tsaya, ko yawu na dalala ta gefe guda, alama ta farko ke nan. Sai ya ce, "Baba, ku ɗaga hannu biyu kamar za a yi addu'a, ku rufe ido." Tafin hannu na kallon sama, a ƙirga goma a hankali. Hannun da ya samu rauni zai fara kifewa yana sauka, ko ya ƙi tashi tun farko. Rufe idon yana da dalili: in ido na buɗe, mutum yakan gyara hannun da kansa, ƙaramin rauni ya ɓuya.

Gwajin magana ya fi buƙatar kula. Matsalar iri biyu ce. Akwai wanda harshensa ya yi nauyi amma kalmominsa daidai suke. Akwai kuma wanda harshen lafiya lau, kalmomin ne suka ɓace masa, ko ya kira buta da sunan tabarma, ko ya kasa fahimtar abin da ake faɗa masa. Irin na biyun yakan iya furta abin da bakinsa ya saba tun yarinta. Zai iya cewa "lafiya lau" idan an gaishe shi, zai iya yin salati, wani ma ya karanta Fatiha, alhali ba zai iya haɗa sabuwar jimla ba. Don haka amsa gaisuwa ba ta wanke shi ba. A nuna masa carbi ko agogo a ce ya faɗi sunansa, ko a ba shi jimlar da ba ta hadda ba, kamar "jirgin Legas ya tashi da safe", ya maimaita.

Alama ɗaya ta isa. Ba a jiran ukun su cika, kuma ba a jiran a ga ko zai warware bayan ya ɗan huta. Kunya ma kan kawo cikas: suruka ba za ta iya cewa surukinta ya buɗe haƙora ba, almajiri ba zai umarci malaminsa ya ɗaga hannu ba. Idan haka ta faru, a kira wanda zai iya nan take, ko a wuce gwajin a ɗauke shi kawai.

Masana sun rabu kan ko abu ukun sun wadatar. Jijiyoyin bayan kai suna shayar da sashen gani da na daidaita tafiya, kuma idan su ne suka toshe, fuska da hannu kan iya zama lafiya. Abin da ake gani shi ne jiri mai tsanani farat ɗaya, tangaɗi kamar na mai maye, ganin abu biyu-biyu, ko rabin gani ya ɗauke. Wani nazari a Amurka a 2017 ya gano FAST ya tsallake kashi 14 cikin ɗari na waɗanda aka tabbatar suna da cutar, amma da aka ƙara tangaɗi da matsalar ido adadin ya sauko ƙasa da kashi 5. Masu goyon bayan ƙarin suna kafa hujja da wannan. Masu ja da shi suna cewa jiri ya yi yawa a cikin mutane, daga mai zazzaɓi har mai yunwa, kuma in saƙo ya yi tsawo jama'a ba sa riƙe shi. Abin da ke daidaita ɓangarorin shi ne kalmar farat ɗaya. Jirin da ya auko nan take ga mai hawan jini ko mai suga, har ya kasa tsayuwa, ba na shan Panadol a kwanta ba ne.

Waɗanda ke kama da ita

Abu na farko da ma'aikacin motar asibiti ke yi bayan duba numfashi shi ne ya auna suga a yatsa. Faɗuwar suga tana iya kawo karkacewar baki, raunin ɓari ɗaya da ruɗewar magana, sak irin na shanyewar jiki, kuma tana warwarewa cikin mintuna idan an gyara. Ƙa'idar likitocin Amurka ta ce a yi maganinta nan take idan awo ya gaza 60, wato kusan 3.3 a na'urar da ke amfani da ɗaya ma'aunin. Wannan ya fi shafar mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwaya bai ci abinci ba, musamman da yammacin azumi. Idan akwai na'urar a gida, ko a kemis ɗin da ke kan hanya, awon minti ɗaya ne. In an auna an ga ya faɗi, kuma mutumin yana farke yana haɗiya sosai, a ba shi abu mai zaƙi. In ba ya cikin hayyacinsa, sai ta jijiya a asibiti mafi kusa. Idan babu na'urar, kada a tsaya nemanta unguwa-unguwa.

Mai farfaɗiya yakan tashi da raunin ɓari ɗaya na ɗan lokaci bayan ta sake shi. Sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa suna zuwa da zafin jiki da ruɗewa. Akwai kuma karkacewar fuska da ke fitowa daga jijiyar fuskar kanta, wadda ke hana mutum ɗaga gira da rufe ido a gefen da ta kama, alhali hannu da ƙafa lafiya. Duk waɗannan aikin likita ne ya rarrabe su. Ko a ƙasashen da ke da ƙwararrun ma'aikata, ana kai mutane da dama da zaton shanyewar jiki a tarar wani abu ne daban, kuma ba a ɗaukar hakan a matsayin kuskure.

Shekaru ma kada su yaudari kowa. Yara masu sikila suna cikin haɗari sosai. An ƙiyasta kusan ɗaya cikin goma na kamuwa kafin shekara 20 idan babu rigakafi, kuma a Kano aka gudanar da wasu daga cikin muhimman gwaje-gwajen kare su da maganin haidiroksiyuriya, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala. Yaron da ya fara jan ƙafa ko ya daina amfani da hannu ɗaya, ƙarin jini na gaggawa yake buƙata. Mai ciki da mai jego su ma suna ciki, ta hanyar hawan jinin ciki ko ciwon zuciyar bayan haihuwa, wanda ya yawaita a arewacin Najeriya.

Banɗaki, iska da ruwan rubutu

Da yawa daga masu wannan cuta a banɗaki ake tsintar su, kuma a al'adarmu faɗuwar banɗaki tana sa a fara zargin shafar aljanu. Bayanin likitoci shi ne jinin mutum yakan hau da sassafe bayan farkawa, kuma cutar ta fi aukuwa tsakanin wayewar gari da tsakar rana, daidai lokacin da ake shiga kewaye. Wani kuma tun cikin barci abin ya same shi, sai da ya miƙe zai taka ƙafar ta ƙi ɗaukarsa. A mafi yawan lokuta cutar ce ta kayar da shi, ba faɗuwar ce ta kawo cutar ba.

Babu likitan da ke hana addu'a, kuma ba ta cin karo da tafiya asibiti: ana iya yin tofi a cikin mota, malami na iya biyo baya. Inda ake samun matsala wuri biyu ne. Na farko shi ne kwana ɗaya ko biyu da ake yi ana hayaƙi da ruƙiyya kafin a tuna da asibiti. Na biyu shi ne abin da ake ɗura wa marar lafiya. Kusan rabin masu wannan cuta haɗiyarsu kan lalace a kwanakin farko, kuma wasu ba sa ko tari idan abu ya bi ta hanyar iska. Ruwan rubutu, zamzam, man zaitun, koko, shayi, duk hukuncinsu ɗaya a maƙogwaron da ya shanye: suna gangarawa huhu, bayan kwana biyu zazzaɓi da nimoniya su taso, kuma nimoniya na cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda suka tsallake ranar farko. Ana iya shafa ruwan addu'a a jiki. In ban da mai faɗuwar suga da aka ambata a baya, ba a sa komai a baki sai ma'aikacin jinya ya gwada haɗiyar.

Asfirin, maganin hawan jini da tsira yatsa

Shawarar asfirin ta samo asali ne daga bugun zuciya, inda tauna shi da wuri ke taimakawa. A toshewar jijiyar ƙwaƙwalwa ma ana ba da shi, amma bayan hoto ya nuna babu zubar jini. Kafin hoto, a yankin da kashi ɗaya cikin uku fashewa ce, garin neman gira ana iya rasa ido.

Batun hawan jini ya fi rikitarwa, domin hankali yana ba mutum cewa tunda jini ne ya hau, a sauke shi. Amma idan jijiya ta toshe, jiki yakan ɗaga jinin ne don ya tura shi ta ƙananan hanyoyi zuwa sashen da ke jiran ɗauki. In aka fyaɗo shi ƙasa lokaci guda, kamar yadda ake yi da nifedifin a ƙarƙashin harshe, wannan sashe ya rasa ɗan abin da yake samu. Shi ya sa a asibiti ake ƙyale jinin mai toshewa har zuwa 220 bisa 120, sai fa idan za a yi masa allurar narkarwa, inda ake so ya sauko ƙasa da 185 bisa 110. Mai fashewa kuwa ana sauke nasa da wuri, ta jijiya, ana aunawa a kai a kai.

An gwada sauke jini tun cikin motar asibiti. Gwajin da aka yi a Birtaniya, wanda ya fito a 2019, bai nuna amfani ba. Na Sin da ya fito a 2024, kan mutane sama da 2,400, ya nuna abin da ake tsoro: masu fashewa sun amfana, masu toshewa sun cutu, a jimlace aka tashi babu riba. Idan ma'aikata da kayan aiki ba su ci riba ba saboda ba su san nau'in cutar ba, mai kemis ba shi da hanyar da zai fi su sani. Awon da ya yi yana da amfani, a rubuta shi da lokacinsa a kai wa likita. Tsira yatsa da allura, tsaga da ƙaho kuwa babu wata hujjar likitanci a bayansu; ɗigon jinin yatsa ba ya taɓa abin da ke cikin kai.

Wace mota, wane asibiti

Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kyauta ce. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware kashi 5 cikin ɗari na asusun kula da lafiya a matakin farko don agajin gaggawa, kuma a kan wannan ne gwamnatin tarayya ta kafa tsarin motocin asibiti da ake kira NEMSAS. Duk da haka, yawancin marasa lafiya a Kano a motar maƙwabci ko Adaidaita Sahu suke isa. Hanyar da ta fi ita ce wani ya kira lambar yayin da wani ke neman mota, wadda ta riga zuwa a shiga.

Mota mai kujerar baya ta fi Adaidaita, don ana iya kwantar da mutum. Idan yana amai ko hankalinsa ya yi nisa, a kwantar da shi ta gefe don abin da ke baki ya zubo waje, a cire haƙoran roba, a sassauta wuyan riga. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana saurin gocewa. A kwashi duk magungunan da yake sha a leda, musamman masu tsinka jini irin su wafarin, da katin asibiti ko na inshora.

A kan inda za a nufa ma akwai ra'ayi biyu. Wasu na ganin a fara da asibiti mafi kusa, a auna suga, a duba numfashi. Wasu na ganin wannan tsayawar ce ke cinye wa'adin, domin ƙaramin asibitin da ba shi da na'urar hoto zai sa ƙarin ruwa ne, sannan ya rubuta takardar tura shi gaba bayan awanni. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa suka tsaya a kai ita ce a wuce kai tsaye inda ake hoto, sai idan numfashi na neman ɗaukewa, ko jijjiga ta ƙi tsayawa, ko an tabbatar suga ya faɗi. A cikin birni, inda tazarar manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano a titin Zariya, na Murtala kusa da Ƙofar Mata da na Nasarawa ba ta kai ta ƙauye ba, wannan ƙa'ida tana da ma'ana. Na'ura kan tsaya a ko'ina, don haka in akwai wanda aka sani a asibitin, kira ɗaya daga cikin mota na iya hana zagaye.

"To, in allurar ba ta samuwa fa?"

Wannan tambaya ce da mutane ke yi, kuma tana da tushe. Duk da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa altefiles cikin jerin muhimman magunguna a 2019, tana da tsada, kuma marasa lafiya ƙalilan ne ke samunta a Najeriya. Aikin zaro gudan jini ya fi ta ƙaranci. Kuɗin hoto kaɗai kan gagari gidaje da yawa. Mai wannan ra'ayi yana ganin ana sa talaka gudu ne zuwa ga abin da ba zai samu ba.

Amsar ɗaya ɓangaren ita ce yawancin abin da ke ceton rai a kwanakin farko ba allurar ba ce. A wani gwaji a Ostireliya a 2011, ma'aikatan jinya sun bi tsari kan abu uku kawai, zazzaɓi, suga da haɗiya, sai waɗanda suka mutu ko suka kasa kula da kansu bayan kwana 90 suka zama kashi 42 cikin ɗari, a kan 58 a sassan da ba a bi tsarin ba. Wani gwajin da ya fito a 2023, wanda aka yi a ƙasashe goma har da Najeriya, ya nuna masu fashewar jijiya sun fi samun sauƙi idan an daidaita jininsu, sugansu da zafin jikinsu cikin awannin farko. Robar ciyarwa ta hanci, juya marar lafiya don gudun gyambon kwanciya, fara gashi da wuri, duk a asibiti ake tsara su. Ta fuskar aljihu ma, magidancin da ya tashi da sanda ya koma rumfarsa daban yake da wanda zai shekara a kwance, 'yarsa ta bar makaranta tana jinya.

Game da kuɗin ajiya da asibiti kan nema kafin a duba marar lafiya, sashe na 20 na dokar 2014 ya haramta wa ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba da agajin gaggawa bisa kowane dalili, da hukuncin tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Dokar ba ta sa hoto da magani sun zama kyauta ba, saboda haka gidan da ke da mai hawan jini ko mai suga yana da dalilin sanin tun yanzu wa zai kira don mota, wa kuma zai kira don kuɗi.

Wadda ta zo ta tafi

Wani lokaci baki ya karkace, hannu ya yi nauyi, bayan minti goma ko ashirin komai ya dawo daidai. Gudan jini ne ya toshe hanya sannan ya wargaje da kansa. A nan ne aka fi cewa gajiya ce, ko iska ce ta wuce, a yi hamdala a koma kasuwa. Likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin gargaɗi, domin haɗarin babbar faɗuwa ya fi yawa a kwana biyun da ke biye. Wani bincike a Okisfod ta Ingila a 2007 ya nuna cewa duba irin waɗannan mutane da fara musu magani nan da nan ya rage aukuwar babbar cutar cikin kwana 90 da kusan kashi 80 cikin ɗari. Wanda abin ya sake shi zai iya shiga asibiti da ƙafarsa, kuma likita ba zai ga komai a jikinsa ba, don haka shaidar wanda ya gani ce za a dogara da ita: wane gefe ne, ƙarfe nawa ya fara, minti nawa ya yi. Idan wani ya ɗauki bidiyonsa a waya lokacin da bakin yake a karkace, a nuna wa likita.